Wanda Ya Fi Karcewa

Mahaifina ya rasu a watan Yuli,
lokacin da sanyi ke hawowa Valparaíso daga teku.
Ya bar mini kwat biyu, da bashin mai kifi,
da wani kwali a ƙarƙashin gado:
faya-fayai goma sha bakwai,
duk na mutum ɗaya, Baldomero Ulloa.
Ban taɓa jin sunan ba.
Shekara talatin muna cin abinci a tebur guda
ban san yana da mawaƙi ba.

Na rungumi kwalin kamar jaririn maƙwabciya,
na shiga akwatin katakon nan da igiyar ƙarfe ke ja zuwa kan tudu,
har shagon Don Casimiro,
inda kyanwa ta fi masu ciniki zama.
Na ce, "Ta ina zan fara?
Kogi ne wannan, ni kuwa ban san mashiga ba."

Wani ɗalibi, mai gemun da bai gama shawarar fitowa ba,
ya ce a fara daga fari,
tun muryar tana ɗanya,
don ba a hawa bishiya ta ganye.
Eduvigis, da ta zo sayen allurar garmaho,
ta ce kul!
Na fari ƙuruciya ce da cika baki.
Ɗauki na takwas,
wanda kowane direban bas ya haddace,
wanda ake sawa a biki idan dare ya raba.
Gardama ta kaure a kaina,
kowa na auna mini hanya da tsawon ƙafarsa.

Don Casimiro bai ce uffan ba.
Ya riƙa zaro su ɗaya bayan ɗaya daga rigunansu,
yana karkata kowanne ga hasken taga
kamar mai duba ƙwai.
Na fari, sumul.
Na takwas, sai ka ga fuskarka a ciki.
A na goma sha huɗu hannunsa ya tsaya.
Duk jikinsa zane ne,
rigarsa ta yi laushi kamar tsumma,
ga sawun gindin kofi har uku a kan hoton.

"Wannan," in ji shi.
"Da ya fito ba wanda ya kula.
Murya ta dushe, makaɗa sun watse,
daga shi sai jita da tari.
Masana sun ce shi ne mafi rauni.
Amma turbar da aka fi bi,
ita ce ciyawa ba ta tsirowa a kanta.
Ai ba Ulloa kika zo nema ba, 'yata."

Da dare na aza allura.
Ƙarar farko kamar ana soya albasa a ɗaki mai nisa,
sai muryar ta shigo tana ɗingishi,
ba ta nemi in so ta ba.
Waƙa ta ɗaya ta wuce. Ta biyu ma.
Jiragen ruwa a ƙasa suna ta kiran juna.

A tsakiyar ta uku allura ta faɗa rami,
ta koma baya, ta sake faɗawa,
gaɓa huɗu, sai tsalle,
gaɓa huɗu, sai tsalle.

Na san su.
Su ne fiton da yake yi kullum yana aski,
gaɓa huɗu ya katse,
ya wanke reza, ya sake daga farko.
Ni da ƙanwata muna dariya ta bayan ƙofa,
muna cewa tsoho ya manta ƙarshen.
Ashe bai manta ba.
Nan faifan ya tsaya masa, nan ya zauna.

Yatsana na kan allurar.
Turi kaɗan, in ji abin da ke gaba,
abin da ya daina ji tun ban yi wayo ba.
Sha shida na jira a kwali, ba inda za su.
Na ɗauke hannuna.
Bari ta ƙara zagayawa.