Daƙiƙa Goma Sha Ɗaya

Mun tsallaka kogi da jirgin safe,
ni da innata Bhanumoti, da awakin wani,
da babura huɗu, da kwandon kifi yana ɗiga.
Ta ƙulle kuɗin tikiti a bakin mayafi,
ƙulli uku, kamar kogin zai ƙwace.

Gidan sinimar Jorhat na warin gyaɗa da damina.
Fanka na juyi kamar an yi mata dole.
Aka kashe fitila, sai ga harshenmu a bango,
harshen da muke zagin agwagi da shi,
yau ya yi wanka, ya zauna gaban jama'a.

Labarin yaro ne da kira ya taso masa,
ya bar gona, ya shiga gidan masu bauta.
Uwar cikin fim ta faɗi tana birgima,
an sa mata sarewa, an sa mata ruwan sama.
Inna ta ja tsaki, ta raɗa mini:
"Ba haka ake yi ba.
Ranar da Nirod ya tafi, shekararsa tara,
na naɗe masa wainar shinkafa a ganyen ayaba,
na shafa masa mai a ka,
na dawo na ba agwagi dusa.
Kukan sai da ya kwana arba'in,
ya same ni ina wanke kwanon da ba wanda ya ci a ciki."

Can wajen ƙarshe aka buga kuge.
Fitilun mai a jere, fararen rawuna,
maza goma sha biyu rataye da ganguna,
suna juyi ƙafa ba ta taɓa ƙasa sosai.
Na uku daga hagu.
Tabon da ƙahon maraƙi ya bar masa a haɓa
ya kai girman tafin hannuna.
Na ƙirga: daƙiƙa goma sha ɗaya.

Gidan bautar tafiyar awa guda ne daga ƙofarmu.
Idan mun je da shinkafar sabuwar kaka
yakan sunkuyar da kai, ya kira ta uwa
da muryar da yake kiran kowace tsohuwa.
A nan kuwa ya ɗago ido, bai san da ita ba,
ita ma ta kalle shi son ranta.

"Ya rame," ta ce. Shi ke nan.

Fitila ta dawo, mai shara ya shigo.
Na ce jirgin ƙarshe ƙarfe huɗu ne,
baba na jira, ba a kunna fitilar yamma ba.
Ta sa haƙori ta kwance ƙullin da ya rage,
kuɗin jirgi ne, ta sani, na sani.
"Je ki yanko mana wani.
Wannan karon kujerar gaba."