Buhu Uku

Haladu, kwashe buhunan nan daga sorona.
Takin mazaɓa ne, ga hatimi a jiki;
ban yi boko ba, amma na san jan tawada.

Ranar zaɓe Talatuwa da sandarta
ta tako tun daga bakin fadama,
ko koko ba ta sha ba, ta dangwala maka.
Je ka ga dawarta yau, ruwan ɗorawa.

Kujerar kansila aro ce, ɗana,
turmin maƙwabta:
a daka, a share, a mayar.

In ka ci rabon mutane
kai mota za ka shige.
Ni ce mai zuwa rijiya,
ni za a yi wa shiru.

Mayar da su Gwaram kafin assalatu.
Gonata ta saba da kashin awaki.