Zagaye Goma Sha Huɗu

A garejin bayan gida, a Machynlleth,
ruwa na dukan kwano tun asuba.
Nerys ta ɗora jar motar kan jak,
mai kujera biyu, ta girme ta da shekara bakwai.

Tun bara sitiyarin ke wasa:
ka juya dama, sai ya yi shawara tukuna.
Mahaifinta Emlyn yakan ce hali ne,
ba a yi wa tsohuwa gaggawa.
Shi ya tafi, halin ya zauna.

Notin farko ya ba da kai.
Na biyu, tsatsa ta riƙe shi kamar bashi.
Sufana ta zame, ta ɗauke fatar yatsa.
Ta zagi ƙarfen da yarensu,
sai ya saki.

Tsohon tayarod, robarsa ta yage,
giris ya bushe kamar ƙanzo.
A jikinsa ga ɗigon farin fenti
inda uban ya tsaya da ƙirga.
Ta murɗa sabon, tana ƙirgawa a fili,
ta tsaya inda ya tsaya.

Da la'asar ruwa ya ɗauke.
A kwanar gada ta karkata hannu kaɗan,
motar ta amsa tun ba ta gama tambaya ba.