Ramin da Na Haƙa

Ni na haƙa ramin nan da hannuna,
shekara goma sha ɗaya ina cin ƙasarsa.
Rabin katangun Garin Malam daga cikinsa suka fito,
tubali bayan tubali, a kan jakin Lawali.
Da rani rami ne kawai, awaki na sauka su kwanta.
Da damina sai ya cika, ya yi tsit,
ya ɗauko sararin sama ya shimfiɗa a fuskarsa
kamar bai taɓa sanin kowa ba.

Mu mutanen Damagaram ƙishirwa muka sani.
Mun san layin bido a bakin famfo tun asuba,
mun san farashin ɗan ga-ruwa.
Ruwan da ya wuce gwiwa baƙo ne a wurinmu,
ba mu iya gaisawa da shi ba.

Bara waccan ya ɗauki Mutari.
Takalminsa ya bi, ƙafa ɗaya, na roba, shuɗi.
Ni ina can ina cinikin tubali ɗari biyu.
Har yau uwarsa tana gaishe ni a hanya,
da ma zagina take yi.

Sai na tafi Gidimuni da furfurata.
Wani masunci, Kyari, ya yi mini dariya kwana uku,
a na huɗu ya sa tafinsa a gadon bayana,
ya ce, kwanta, ruwa ba ya son mai gardama.
Na sha tafkin nan har na ƙoshi
kafin ya yarda ya ɗauke ni.

Yanzu ran Laraba, in an tashi daga lakwal,
su tara ne, wani lokacin sha ɗaya.
Na kafa sanda inda ruwa ke kai musu cibiya,
na ɗaura mata jan tsumma.
Nan duniya ta ƙare, na ce, wanda ya wuce ya koma gida.
Habsu tana hura kumfa kamar mai fifita fura,
Ɗan Jimo yana dukan ruwa sai ka ce ya ci bashinsa.
A hankali, yaro. Ka ja shi, kada ka mare shi.

Kullum ina tambayarsu, in ƙwallo ta faɗa fa?
Ta tafi!
In ɗan'uwanka ne?
Nan sukan yi shiru, don zuciya tana cewa ka faɗa.
Kar ka faɗa. Kwarma ihu har a ji ka a Birni,
kwanta da ciki, miƙa kara, jefa bido a rufe.
Kuma ba mai zuwa nan sai idona na nan,
laka tana riƙe ƙafa, ba ta sallama.

Jiya Barira, ƙanwar Mutari,
wadda ta yi wata guda ba ta wuce idon sawu ba,
ta kwanta a tafina, kunnuwa cikin ruwa,
tana ƙirga shamuwa a sama.
Na zare hannuna ba ta sani ba.
Ta kai bakwai.

A kan dutse uwarta na zaune da tiren gyaɗa.
Ba ta yi guɗa ba, ba ta dube ni ba.
Da muka fito ta ba kowane yaro dunƙule guda,
ta ajiye nawa a kan takalmina.