Ƙafar Gabas

Teburin sunukan Baba ya girme ni da shekara huɗu.
A gwanjon ma'aikatan reluwe ya saye shi,
ƙarti takwas suka ɗauko shi daga Sabon Gari,
sai da aka fasa bakin ƙofar shago
kafin ya yarda ya shigo gidanmu a Tudun Jukun.

Yanzu ni ke yi masa hidima.
Ran Asabar da hantsi in yaye tamfol,
in ɗauko buroshi mai gashin doki,
in share koren ƙyalle daga kai zuwa gindi,
hanya ɗaya, kamar mai shafa bayan kyanwa.
Baba ya ce mai shara a karkace
ya tsefe wa tebur kai, bai kitsa ba.
Sai dutsen guga na gawayi,
ɗumi kawai, in fara gwadawa a bayan hannuna.

Ƙwallaye su yi wanka a roba,
in tsane su da tsohuwar singileti.
Baƙar tana da tabo har yau,
tun daren da Yaya Tanimu ya jefi ɓera da ita,
ya sami bango.

Damina ita ce abokiyar gaba.
Alli shuɗi yakan jiƙe ya zama tuwo,
shi ya sa yake kwana a gwangwani da ɗanyar shinkafa.
Kan sanda ya ɓalle,
in tafi wurin Mantau baduku, can wajen Ƙofar Doka,
ya yanko mini fata ƙanana kamar maɓallin riga,
yana tambaya ko takalman aljanu nake ɗinki.
In sa gam, in ɗaure da roba ya kwana,
da safe samfefa ta gyara masa ƙeya.
Ragar aljihu shida kuwa
Gwaggo Lantana ta saƙa da kwarashi,
ba ta taɓa tambayar amfaninsu ba.

Ran nan na aro ma'aunin Dogara magini,
mai ɗigon iska a cikin ruwa.
Na aza. Ɗigon ya gudu ya maƙale a gefe.
Ashe teburin ya sunkuya gabas,
ƙasa ta ci ƙafarsa, ba wanda ya sani.
Na ɗaga shi da jak ɗin mota,
na cusa kwalin sukari da tsofaffin kwabbai biyu,
ɗigon ya dawo tsakiya ya zauna kamar alƙali.
Har na ji kaina ya yi girma.

Baba ya shigo bayan la'asar,
ya murza alli, ya duƙa, ya buga.
Ta wuce.
Ya sake. Ta daki baki ta dawo.
Bakwai a jere, mutumin da ba ya ɓarar da biyu.
Ya dubi hannunsa, ya dubi fitila.
"Ido ya tafi," ya ce,
ya rataye sanda a ƙusa.
Kwana uku bai leƙo shago ba.

A na huɗu na gane.
Shekara talatin da wani abu
yana aika ƙwallo ɗan yamma kaɗan,
gangara ta rako ta gida.
Hannunsa da karkacewar nan tare suka tsufa,
ni na shiga tsakaninsu da kayan aro.

Da dare na koma da jak da tocila.
Kwalin na jefa a murhu,
kwabban suna aljihuna.

Da safe na ce, Baba, zo ka gwada sabon kai.
Ya zo yana jan silifa, ba don ya so ba.
Ja ta tafi kamar za ta ɓata,
ta yi tunani,
ta kwanto gabas, ta faɗa raga, ƙwal.
Ya yi dariya har da tari.
"Ka gani? Alli ne, yaro.
Alli ne ba ka ajiyewa da kyau."

Na mayar wa Dogara ma'auninsa.
Ya ce, "Ya daidaita?"
Na ce ya daidaita.