Sawun Laka a Sito

Ni ne Tanimu mai gyaran rediyo a Marwa,
rumfata na Domayo, ƙarƙashin dalbejiya.
Ranar da Mayo Kaliyawo ya cika ya batse,
yashin da yara suka yi ƙwallo a kai da hantsi
ya zama jan ruwa mai jan kututture da la'asar.
Gada da nisa, gida a ƙetare,
sama ta yage kamar tsohon buhu,
ga rediyon mutum uku a goye a bayana.

Sai ga shuɗiyar ƙofa ta ƙarfe a gefen hanya.
Kwaɗin fadama na ta kuka,
kwaɗon ƙofa kuwa shiru, baki buɗe kamar mai hamma.
Na yi sallama sau uku, yadda aka koya mana.
Kwanon rufi ne kawai ya amsa.
Na tura da yatsa biyu. Ba ta yi gardama ba.

Ciki buhunan irin auduga, da taki, da warin maganin ƙwari.
Taga ɗaya a buɗe, feshi na jiƙa littafin lissafi.
Na rufe ta. Na janye buhu shida daga inda ke yoyo.
A ƙasa na zauna, ban hau kujerar akawu ba,
na ci gyaɗar aljihuna, na kwashe ɓawon.
Da asuba na ja ƙofar yadda na same ta.
Ban bar komai ba sai sawuna na laka.

Kwana biyu, ga jandarma a bakin rumfa.
Ya ce, wa ya ba ka izini?
Na ce, ruwa.
Ya ce, ruwa ba ya sa hannu a takarda;
tukunya in ba murfi, ba ta zama ta kowa ba.
Na ce, ban fasa ba, ban ɗauka ba.
Ya ce, shi ya sa kake kan benci, ba bayan kanta ba.
Aka ƙirga buhu, ɗari biyu da sha ɗaya cif.
Aka sallame ni kafin magariba, da jan kunne.

Malam Sa'adu ya ce bayan isha'i,
sallama uku in ba amsa, komawa ake yi,
amma larura tana da nata hukuncin.
Maƙwabcina tela ya ce, da ni ne, da na goge sawun.
Matata ta ce, ai ka dawo da rai, a bar zancen.

Da na bar shi, ba don Hamajoda ba.
Shekara sha tara yana gadin wannan sito.
Ran nan aka aiko masa 'yarsa na naƙuda, jini ya ɓalle,
ya rataya kwaɗo bai danna ba, ya bi ruwa da gudu.
Da ban shiga ba, wa zai sani?
Ƙofar za ta kwana da sirrinta.
Sawuna ne ya ba da shaida a kansa,
aka karɓe makulli, aka ba shi rabin albashi.

Jiya ya kawo mini rediyonsa, waya ce ta tsinke.
Na ce ya bar kuɗin. Bai ce komai ba,
ya ajiye dala arba'in kan tebur, ya danne da batir.
Na tambayi jika. Ya ce, yana nan, ya fara dariya.

Doka ta sake ni, malam ya sassauta mini,
buhu bai yi ciwon kai ba.
To, me ya sa in na ga bayansa yana hawan gada
nake sunkuyar da kai cikin wayoyi?
Yanzu in zan tashi, sau biyu nake danna kwaɗona,
in yi taku goma, in dawo in ja shi.