Kin Iso

Agustan bara na ɓata a bayan Shere.
Gajimare ya sauko ya zauna kan duwatsu,
kowane dutse ya ari fuskar ɗan'uwansa,
allurar shanu na ɗumama a akwatin ƙanƙara,
wayata kuwa ba ko ɗigon sabis.
Sai da la'asar sakaliya wata mai itace
ta nuna mini hanya da haɓa, ta wuce.

Abin da ya kai ni Taminus ke nan ran Asabar,
shagon Davou, can ƙarƙashin bene,
inda wayoyin caja ke reto kamar taliya a igiya.
Ya goge tebur da hannun riga,
ya jera mini guda uku.

Ta farko mai faɗi ce, a liƙa ta a gilashin mota,
da muryar mace mai sanyi, ba ta gajiya:
yi dama, yi hagu, saura kaɗan.
Ta san Farin Gada, ta san Dadin Kowa,
ta san inda cunkoso ke kwana a Bukuru.
Na ce, Davou, inda nake zuwa
kwalta ba ta taɓa kai gaisuwa ba.
Motar ma gindin shingen ƙerana nake barinta,
sauran tafiyar aikin ƙafa ne da takalmin roba.

Ta biyu agogo ce, wai har bugun zuciya take ƙirgawa.
Na ce zuciyata na san inda take,
ba ita ce ta ɓata ba.

Ta ukun mummuna, ruwan ɗorawa,
kamar sabulun wanki mai maɓallai.
Batir biyu take ci, irin na tocila.
Ya tsoma ta a bokitin da ke tarar yoyon rufi,
ya fito da ita tana ɗiga, tana ci gaba da haske.
Na ce nawa? Ya faɗa. Na nemi kujera.
Muka ja, muka sassauta, muka sake ja,
har shayin da ya aika a kawo ya huce.

Kafin in ƙirga kuɗi na tambaye shi:
ta san rugar Ardo Siddi?
Ya yi dariya. Dakta, ba ta san kowa ba.
Ki tsaya inda kike so, ki danna nan,
taurarin ɗan'adam su yi shaida,
daga ranar ba za ta manta ba.

Na danna a rugar Siddi ran Talata,
ina tsaye tsakanin turke da ƙwaryar nono.
Na danna a mashaya, na danna a tsohon ramin kuza
da ya cika da ruwa kore, mai haɗiye maruƙa.
Na ji kamar na ɗaure tsaunin nan a bakin zane.

Bayan wata biyu na komo da allura ta biyu.
Kibiya ta ja ni tiryan-tiryan, ban tambayi kowa ba,
ta yi ƙara sau ɗaya: kin iso.

Na iso.
Duwatsun murhu uku, toka ta sha ruwa,
busasshiyar kashin shanu, ramin turke,
da igiyar ɗaure maraƙi da aka manta.
Na'urar ba ta yi ƙarya ba,
nan ne wurin, daidai wa daida.
Mutanen ne suka ɗauki wurinsu suka tafi.

Na zauna kan dutse ina jin sanyi na shiga ƙashi,
sai ga balbelu, bakwai ko takwas,
sun miƙa gabas, can ta wajen Fobur,
tashin mai sanin inda za shi.
Na sa sabuluna a aljihu, ban kashe ta ba,
na saɓi akwati, na bi farin fiffike.
In na same su zan sake dannawa.